Tarihin Tiyar Awon Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gaya, sa'an nan ya ƙetare gada ya ci ta Malanbil, ko ya bi hanya ya ci ta Kamba, ya san abu guda: ba a ciniki sai an shirya a kan abin awo. In mai saye ya zo da tiyarsa, mai sayarwa kuma ya fito da mudunsa, ba a san tsada ba, ba a san araha ba, sai an juye wannan cikin wancan an ga yadda suka kama. Likitocin da ke duba cikin kan ɗan Adam sun sha irin wannan wahala shekara da shekaru. Labarin yadda suka fita daga cikinta shi ne muka kawo muku, don ya shafe mu, ko da muna ganin kamar nesa yake.

Ga misali. A ce wani magidanci a Tanda ciwon kai ya matsa masa, har hannunsa na dama ya fara mutuwa. Aka kai shi asibitin Gaya, daga can aka tura shi Doso, daga Doso sai Yamai, tafiyar wajen kilomita 300. A Yamai aka sa kansa cikin injin hoto, aka hangi wani ɗan ƙari. Aka ba shi magani, aka ce ya komo. Bayan wata shida sai ɗansa mai fatauci ya ɗauke shi ya kai shi Kano, aka sake yi masa hoto da wani inji dabam. Yanzu likita na riƙe da hoto biyu, tambayarsa kuwa ɗaya ce: abin nan ya ƙaru ne, ko yana nan yadda yake? In ya ƙaru, sai shirin fiɗa, da kuɗinta, da haɗarinta. In bai ƙaru ba, sai mutum ya koma gonarsa.

Amsar ba ta da sauƙi. Injin hoto yana nuna kai ne yanki-yanki, kamar an bi shi da wuƙa. To, ku ɗauki rake. In kun sare shi daidai, bakinsa zai fito a kewaye. In kun sare shi a karkace, bakin zai fito da tsawo, alhali kuwa raken bai ƙaru ba. Haka nan in mutumin ya sunkuyar da haɓa a Yamai, a Kano kuwa ya ɗaga ta, ƙari ɗaya zai fito da girma biyu. Tilas sai an daidaita hotunan nan, an ɗora ɗaya bisa ɗaya sun zauna daram, kāna a yi magana.

Mafarin gani

Tun zamanin da, mutane sun san ciwo na iya zama cikin kai, amma ƙoƙon kai ya rufe kome. Wanzami na iya tsaga goshi ya yi ƙaho, amma ba ya ganin abin da ke bayan ƙashi. Likitan Turai ma haka yake har ƙarshen ƙarni na 19.

Ranar 8 ga Nuwamba 1895 wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa nama ya tsaya ga ƙashi. Kafin shekarar ta fita ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito sarai. Shi ne abin da muke kira radiyo a gidan likita. Ya yi amfani ƙwarai wajen karaya da ciwon huhu. Amma ga ƙwaƙwalwa bai biya bukata ba, don ita taushi gare ta, tana kwance cikin ruwa, ƙashi ya kewaye ta. Hoton sai ya nuna tukunya, bai nuna abin da aka dafa ba.

A 1918 wani likitan fiɗa na Amurka, Walter Dandy, ya kawo dabara. Ya riƙa zuƙe kaɗan daga ruwan da ke cikin ramukan tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya sa iska madadinsa. Iska na fitowa a hoto, sai a ga siffar ramukan. In wani ƙari ya ture su gefe, sai a gane. Aikin da azaba, ga ciwon kai mai tsanani, ga amai, amma da yake babu wanda ya fi shi, an yi fiye da shekara 50 ana yinsa. A 1927 kuma Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya yi allurar wani ruwa cikin jijiyar wuya, jijiyoyin jinin kai suka fito a hoto kamar rassan itace. Duk da haka inuwa ce ake gani, ba ƙwaƙwalwar kanta ba.

Lamba uku da alama biyu

Ana cikin neman gani, wasu kuma na neman hanyar faɗin wuri. A 1908 a Landan, Victor Horsley da Robert Clarke suka ƙera wani keji na ƙarfe da ake ɗaura wa kan biri. Da shi kowane wuri cikin ƙwaƙwalwa ya sami lamba uku: nawa ne daga hagu zuwa dama, nawa daga gaba zuwa baya, nawa daga sama zuwa ƙasa. Kamar dai a ce maka, daga bakin rijiya yi taki goma gabas, taki biyar arewa, ka haƙa kamu biyu. Su ramin kunne da gurbin ido suka ɗauka a matsayin bakin rijiya.

Ga mutum wannan bai wadatar ba, don kawunan mutane sun sha bamban ƙwarai. Alamar da ke bisa ƙashi ba ta faɗa maka tabbas abin da ke ƙarƙashinta. Sai a 1947 wasu likitoci biyu a Amurka, Spiegel da Wycis, suka ce a fara awo daga alamun da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Wanda ya kai wannan tunani nesa shi ne Jean Talairach, Bafaranshe, na asibitin Sainte-Anne a Paris. An haife shi a 1911, ya rasu a 2007. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Jamusawa ke riƙe da Paris, shi da wani abokinsa sun riƙa shiga tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin birnin a ɓoye, suna zana taswirarsu, har ta amfani ƴan gwagwarmaya. Bayan yaƙi sai ya koma ga taswirar wani wuri mai duhu dabam, watau cikin kai.

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, na hagu da na dama. Akwai wasu ƴan igiyoyi biyu ƙanana a tsakiya da ke haɗa su, ɗaya gaba, ɗaya baya, tsakaninsu bai kai santimita 3 ba. Talairach ya ce a ja layi daga wannan zuwa waccan, layin nan ya zama tushen awo ga kowa. Ko yaya mutum ya kwanta, sai a juya hotonsa har layin ya miƙe. Sa'an nan ya raba ƙwaƙwalwa ɗaki 12, ya ce a bar cewa milimita kaza, a riƙa cewa rabin ɗaki kaza, ko sulusinsa. Tela ya san wannan. In zai ɗinka riga ta yaro da ta babba, ba tazara ɗaya yake ba aljihu daga wuya ba, gwargwadon rigar yake bi.

Ya fitar da littafin taswira a 1967. Amma wanda ya game duniya shi ne na 1988, da ya yi tare da Pierre Tournoux. Ku riƙe wannan, don za mu komo kansa: littafin 1988 an yi shi ne daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya tak, wata mata mai shekara 60 da ta rasu.

Injuna masu nuna yanki-yanki

Labarin injin da muke kira sikana a Afirka ya faro. A 1956 wani malamin kimiyya, Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, yana taimaka wa asibitin Groote Schuur na birnin Kef. Ya yi tunani cewa in aka haska jiki ta kowace kusurwa, aka auna hasken da ya fita ta ɗaya gefen, lissafi na iya faɗin abin da ke tsakiya. Ya buga lissafin a 1963 da 1964, kusan babu wanda ya kula.

Can a Ingila, wani injiniya na kamfanin EMI, Godfrey Hounsfield, wanda bai yi digirin jami'a ba, ya kama hanya ɗaya ba tare da ya san aikin Cormack ba. Ya yi ta gwaji, har da ƙwaƙwalwar shanu daga mahauta. Ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley na Landan, aka sa wata mata cikin injin. Hoton ɗigo 80 ne a tsaye, 80 a kwance, dishi-dishi, amma ciwon ya fito, da aka yi fiɗa kuma aka same shi nan inda hoto ya nuna. Gani ya kori ji. A 1979 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel.

A 1973 Paul Lauterbur a Amurka ya nuna wata hanya da ba ta bukatar hasken radiyo. Maganaɗisu mai ƙarfi ne ke aiki, da igiyar rediyo, injin na sauraren amsar ruwan da ke cikin jiki. Peter Mansfield a Ingila ya gano yadda za a hanzarta shi. A 1980 aka ɗauki majiyyaci na farko da irin wannan inji a garin Aberdeen. Shi ne likitocin Yamai ke ce wa IRM, na Kano na ce masa MRI. Ya fi sikana nuna naman ƙwaƙwalwa filla-filla.

To, an sami gani, sai wata matsala ta taso. Hotuna suka yi yawa, kuma ba yarensu ɗaya ba. A hoton sikana ƙashi fari ne fat, a na IRM duhu yake fitowa. Ga kuma wasu injuna masu nuna wurin da ke aiki in mutum na magana ko yana motsa yatsa. Alamarsu rarrauna ce, sai an tara ta mutane da yawa take fitowa. Yaya za a tara kan wannan da na wancan, alhali wani dogo ne, wani mai faɗi?

Motsi huɗu, lamba 12

Maganin ya fito ne daga wani tsohon lissafi. A 1748 masanin lissafi Leonhard Euler ya yi magana a kan siffofin da ba daidai suke ba, amma in an miƙa ɗaya sai ta koma ɗayar. Ya kira su da wata kalma ta Latin da ke nufin dangin aure, ko maƙwabcin da kuka haɗa iyaka. Daga nan aka sami sunan da masana ke kiran wannan daidaitawa, watau afin. Mu sai mu ce lissafin dangantaka. Motsi huɗu ne kawai a cikinsa, kowanne ta fuska uku.

Na farko, gusawa. Kamar ka ja tabarma gabas, ko arewa, ko ka ɗora ta bisa gado. Lamba 3 ke nan.

Na biyu, juyawa. Kai na juyawa iri uku: ɗagawa da sunkuyarwa kamar mai cewa i, waiwaye hagu da dama kamar mai cewa a'a, da kwantar da kunne bisa kafaɗa. Lamba 3.

Na uku, miƙawa ko taƙaitawa. Kamar majemi ya kafe fata yana jan ta. Ana iya ƙara tsawo a bar faɗi, ko a ƙara faɗi a rage tudu. Lamba 3.

Na huɗu, karkatawa. Ku tuna darni in iskar farkon damina ta ture shi. Gindin karan na nan inda aka kafa shi, saman ya tafi gefe, amma karan na jere kamar da, babu wanda ya gitta wani. Lamba 3.

Jimla 12. Wannan 12 dabam ce da ɗakunan Talairach, adadin ne kawai ya zo ɗaya. Kyawun lissafin shi ne ba ya yaga kome, ba ya ƙaro kome. Layin da ke miƙe yana nan a miƙe. Layi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba za su haɗu ba. Abin da ke tsakiya yana nan tsakiya.

In hotunan na mutum ɗaya ne, kamar magidancinmu na Tanda, galibi lamba 6 na farko ake aiki da su, gusawa da juyawa, don ƙoƙon kan babba ba ya canja girma cikin wata shida. In aka bar inji ya miƙa ko ya taƙaita yadda ya ga dama, yana iya ɓoye ƙaruwar da ake nema. Amma in za a gwada kan wani da na wani, ko da ma'aunin kowa da kowa, nan ne ake sakin duka 12.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ta karɓi aikin

Da farko da hannu ake yi. Masani ya zauna ya nemo alamu a hoton nan, ya nemo su a wancan, ya lissafa. Aikin na cin lokaci, kuma mutum biyu ba su cika samun amsa ɗaya ba. A 1992 Roger Woods da abokan aikinsa a Los Anjalas suka fitar da manhajar kwamfuta mai yin aikin da kanta. Tana gusa hoto kaɗan, ta gwada hasken kowane ɗigo da na ɗan'uwansa, ta sake gusawa, har ta kai inda suka fi dacewa.

Wannan da sauƙi in hotunan iri ɗaya ne. In ɗaya na sikana ne, ɗaya na IRM fa, inda fari a nan baƙi ne a can? A 1995 ƙungiya biyu, ɗaya a Amurka, su Viola da Wells, ɗaya a Beljiyam, su Collignon da Maes, kowace ita kaɗai ta gano mafita. Suka ce kada a tambaya ko launin ɗaya ne. A tambaya: in na san launin ɗigon nan a hoto na farko, zan iya cankar launinsa a na biyu? Mu da ke zaune cikin harsuna da yawa mun san wannan. In duk sa'ad da Bahaushe ya ce ruwa, Bazabarme ya ce hari, duk sa'ad da wannan ya ce saniya, wancan ya ce haw, ko ba ka jin ɗaya daga cikinsu ka san magana ɗaya suke. In kuwa amsar ta zo barkatai, ba su gamu ba. Haka kwamfuta ke juya hoto har kowane launi ya sami abokin amsawarsa.

Akwai kuma tarko. Murfi na iya zama bisa tukunya a karkace, ya ƙi motsi, ka ɗauka ya rufu. Kwamfuta ma takan tsaya wurin da ya yi kama da daidai. A 2001 Mark Jenkinson da Stephen Smith na Jami'ar Oksfod suka fitar da manhajar FLIRT don maganin wannan. Tana fara aiki da hoto mai kauri, ɗigo mai milimita 8, ta jarraba shi ta kusurwa da yawa, ta zaɓi waɗanda suka fi, sa'an nan ta sauko 4, ta sauko 2, ta ƙare a 1. Mai kwalekwale ma haka yake ƙetare kogin Isa. Babban itacen da ke wancan gaɓa yake fara kallo, sai ya matso yake neman matsaya. Har yau masu bincike a ƙasashe da yawa na aiki da wannan manhaja, kuma ba a biyan kuɗi in don bincike ne.

Amma kada ku ɗauka inji ba ya kuskure. Ɓarin hagu da na dama sun yi kama ƙwarai. In lamba ɗaya ta juye, hoto na iya komawa kamar na madubi, ido bai gane ba, ciwon hagu ya koma dama. Saboda haka wasu masu bincike ke manna ƙwayar mai, irin ta bitamin, a gefe ɗaya na kan mutum kafin ya shiga injin IRM, don ta fito da haske ta zama shaida. Kuma ƙa'ida ce, in kwamfuta ta gama, mutum ya duba da idonsa.

Har wa yau lamba 12 ba su iya kome da kome. Suna daidaita girma da zama, amma lanƙwashe-lanƙwashen da ke bisa ƙwaƙwalwa kowa da irin nasa, kamar zanen yatsa. Kama da wane ba wane ba ne. Akwai wasu manhajoji masu bin kowane lungu suna tanƙwara shi da lamba dubbai, amma su ma sai an fara aza musu harsashi da waɗannan 12.

Da kan wa aka sassaƙa tiyar?

Mun ce littafin Talairach na 1988 daga mata ɗaya aka yi shi, tsohuwa, kuma bayan rasuwa. Masana a birnin Montreal na Kanada suka ga mutum ɗaya bai isa ya zama ma'aunin duniya ba. A 1993 Alan Evans da abokansa suka ɗauki hotunan IRM na matasa 305 masu lafiya, suka daidaita su, suka narkar da su hoto ɗaya. Daga baya aka yi wani da mutum 152, wanda ya fi fitowa sarai. Shi ake kira MNI152, shi ne tiyar da akasarin masu bincike ke awo da ita yau. Da aka gwada shi da na Talairach, sai aka ga ya fi shi girma, a wasu wurare bambancin ya kusa santimita guda.

To, amma su ma waɗannan mutanen, galibinsu Turawa ne. A 2010 masana a ƙasar Sin suka yi nasu ma'auni da mutum 56, suka ga kawunansu sun fi gajarta daga gaba zuwa baya, sun fi faɗi. A 2019 masana a garin Haidarabad na Indiya suka yi nasu da mutum 100, shi ma ya bambanta. In aka matsa wa kai ya shiga ma'aunin da ba nasa ba, sai an ja shi da yawa, jan da yawa kuwa na kawo kuskure. Kan yaro ma ba ya zama da kyau cikin ma'aunin manya. Kayan aro ba ya rufe katara.

A nan sai mu yi hattara, don awon kai na da mummunan tarihi a kanmu. A ƙarni na 19 wasu Turawa sun auna ƙoƙunan kai don su ce baƙar fata bai kai su hankali ba, su sami hujjar bauta. A 1836 wani likita Bajamushe, Friedrich Tiedemann, ya riƙa cika ƙoƙunan kai na kabilu dabam-dabam da wani irin gero na ƙasarsu, yana auna nauyinsa. Ya ce bai ga abin da ya sa baƙar fata ƙasa da Bature ba, ya kuma yi tir da cinikin bayi. Bambancin da ake magana yau na siffa ne, kamar yadda hular wani ba ta shiga kan wani. Ba a auna hankali da tiya.

Wajenmu fa?

A 1962 Latunde Odeku ya komo daga Amurka ya fara fiɗar kai a Ibadan. A asibitin nan ne aka kafa sikana ta farko a Najeriya a 1987, shekara 16 bayan ta Landan. A Yamai Farfesa Samuila Sanoussi ya yi shekaru yana jagorancin fiɗar kai a babban asibitin ƙasa. A Sakkwato akwai cibiyar fiɗar kai a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ɗawainiyar kafawa. A 2016 aka buɗe wani babban asibiti mai gado 500 a Yamai. Yau ana samun sikana da IRM a Yamai da Kano, amma ga mutumin ƙauye tafiyar da nisa, kuɗin da nauyi.

Tun 2012 masana na duniya ke wata gasa mai suna BraTS, ta koya wa kwamfuta gane ƙarin ƙwaƙwalwa da shata iyakarsa. Kowane majiyyaci hoto iri huɗu gare shi. Kafin a ba kwamfuta, sai an daidaita huɗun nan da juna, an ɗora su bisa wani ma'auni da aka yi da mutum 24 a Amurka, an mai da kowane ɗigo milimita 1, an cire ƙashi da fuska don kada a gane mai shi. Shekaru da yawa kusan babu hoton majiyyatan ƙasashenmu a ciki. Kwamfutar da ta yi karatu da hotunan Turai da Amurka kuwa takan yi tuntuɓe in ta zo nan, don injunanmu ba su cika zama irin nasu ba, kuma mutanenmu kan makara zuwa asibiti har ƙari ya girma.

A 2023 abin ya fara canjawa. Likitocin hoto daga Legas da Abuja da Kano da wasu garuruwan Najeriya suka haɗa hannu da ƴan'uwansu masana da ke waje, suka tara hotunan majiyyata, aka daidaita su, aka shata iyakar kowane ƙari, aka sa su cikin gasar da sunan Afirka. Tarin da suka fitar wa duniya ya ƙunshi mutum 146. Ba su da yawa, amma da babu gara ba daɗi, kuma sun nuna hanya.

Abin da ya rage gare mu

Mu komo ga magidancinmu na Tanda. Duk wannan aiki na kusan shekara 100, daga kejin biri zuwa manhajar Oksfod, ba zai amfane shi ba in ya isa Kano hannu sake. Kwamfuta ba ta iya ɗora hoton yau bisa na jiya in na jiya ya ɓace.

Saboda haka, jama'a, in an yi wa wani naku hoton kai, ku roƙi a ba ku faifan, ban da babbar takardar nan mai baƙi da ake ɗagawa ga haske. Takardar ƴan yankuna kaɗan ta ɗauko, faifan kuwa na ɗauke da dukansu, tare da lambobin da ke faɗin yadda kai ya kwanta da kaurin kowane yanki. Tun 1993 kamfanonin injuna suka shirya a kan tsari ɗaya na ajiye hoto, mai suna DICOM, don haka faifan Yamai na buɗuwa a Sakkwato, na Kano na buɗuwa a Yamai. Hoton da aka ɗauka da wayar salula daga jikin takarda ba ya maye gurbinsa, don lambobin nan ba su biyo shi.

Ku ajiye faifan da takardar da bayanin likita cikin leda ɗaya, nesa da rana da laima da gara. Ku rubuta kwanan wata a bayansa. In an shiga inji, a kwanta shiru yadda aka ce, don motsi na ɓata hoto, abin da ya ɓaci tun wurin ɗauka kuwa lissafi ba ya mai da shi yadda ya kamata. Kafin IRM a faɗa wa likita in akwai ƙarfe cikin jiki. In za a koma asibiti, ko wane ne, ko a wace ƙasa, a tafi da tsohon hoto. Da shi ne likita zai auna sabon, ya faɗa muku ko fiɗa za a yi ko gida za a koma.